Hafsoshin da suka zama attajirai: ina shafukan tsakiya suka tafi?

Ɗan Kyaftin:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in ajiye shi a gabanku. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, soja ne. Ya yi shekara 31 cikin kaki, ya fara daga kurtu, ya yi ritaya yana kyaftin. Abin da ya bar mana gida ɗaya ne da akwatin ƙarfe cike da takardu da lambobin yabo. Ba ƙorafi nake ba, ya rene mu cikin mutunci. Amma tun rasuwarsa na kamu da karanta tarihin hafsoshin da suka cire kaki suka zama hamshaƙan attajirai, a kowace ƙasa suke, ko zan gane abin da suka sani wanda shi bai sani ba.

Ga abin da na lura da shi. Marubuci zai ba ka babi guda a kan haihuwa da makaranta, babi uku a kan yaƙi, har da sunan kogin da aka tsallaka da daren da aka tsallaka shi. Can ƙarshe kuma babi biyu a kan gidauniya da asibitocin da mutumin ya gina. Amma daga ranar faretin bankwana zuwa ranar da aka fara kiransa attajiri, shafi biyu ne ko uku. Sai ka ji kawai wai ya shiga harkar jiragen ruwa, ko ya tsunduma harkar mai. Da wane jari? Wa ya ba shi kwangilar farko? Wane banki ne ya yarda da shi alhali jiya-jiya albashi yake karɓa?

To tambayata ke nan. Me kaki yake ba mutum da zai sa ya yi arziki bayan ya cire shi? Iya aiki ne, ko ƙofofin da ake buɗe masa?

Tsohon Saja:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan oga, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, ni da igiyar saja na yi ritaya, ban taɓa zama a teburin manya ba. Amma na yi shekara 12 a sashen sufuri da sito, abin da idona ya gani zan faɗa.

Farar hula suna ɗauka aikin hafsa harbi ne. Harbi shi ne ƙaramin aikinsa. Babban aikin shi ne mutum 700 su tashi daga nan su kwana a can, kowa ya ci, kowace mota ta sha mai, harsashi ya iso tun ba a neme shi ba, wanda ya ji rauni a kwashe shi. Mota ɗaya ta makara, rai ake asara. Mutumin da ya shekara 20 yana wannan lissafi, ka damƙa masa tireloli 50 ko jirgin dakon kaya, me zai gagare shi?

Sannan ya iya mutane. Ya san wanda za a aika shi kaɗai, ya san wanda sai an sa masa ido. Na yi aiki ƙarƙashin wani manjo da ba ya sa loma a baki sai ya ga kurtu na ƙarshe ya karɓi nasa. Da ya yi ritaya ya buɗe kamfanin sufuri, rabin direbobinsa yaransa ne na bariki, suka bi shi ba tare da sun tambayi nawa za a biya su ba. Wannan ma jari ne, ko da banki ba ya rubuta shi.

Mai Lissafi:
Baba Saja, maganarka tana da babbar shaida. Fred Smith, wanda ya kafa kamfanin aika saƙonni na FedEx, hafsa ne a rundunar mayaƙan ruwa ta Amurka. Sau biyu aka tura shi yaƙin Vietnam, ya ji rauni, ya bar aiki yana kyaftin. A 1971 ya kafa kamfanin, a watan Afrilu na 1973 ya fara aiki da ƙananan jirage 14. Daren farko ƙunshin saƙo 186 kacal suka ɗauka zuwa birane 25. Dabarar tasa ita ce duk saƙo, ko daga ina ya fito, a kai shi birnin Memphis cikin dare, a tantance, kafin gari ya waye jirage su sake watsuwa da shi. Wanda ya san yadda ake tara kayan runduna wuri guda a rarraba su, zai gane wannan tsari da kallo ɗaya. Shi ma har ya rasu a 2025 yana maimaita cewa a soja ya koyi riƙon mutane.

Sai dai aikina lissafi ne, dole in buɗe ɗaya shafin. Mahaifin Smith attajiri ne mai kamfanin motocin safa, ya rasu yaron yana da shekara 4. Gadon da ya zuba a kamfanin ya kai kimanin dala miliyan 4, sannan masu zuba jari suka ƙara masa miliyoyi masu yawa. Fiye da shekara biyu kamfanin yana tafka asara kafin ya ga riba. Kyaftin ɗin da ba shi da gado, ko da ya fi Smith basira, wa zai jira shi shekara biyu?

Ɗan Kyaftin:
Yawwa Yaya Mai Lissafi, irin wannan shafin nake nema. A nan aƙalla an faɗi inda jarin ya fito.

Mai Lissafi:
Bari in ƙara maka biyu. Sam Walton, mai manyan kantunan Walmart, shi ma kyaftin ne a yaƙin duniya na biyu, amma bai je fagen daga ba, tsaron masana'antun jiragen sama da sansanonin fursunonin yaƙi ya kula da su a cikin Amurka. A 1945 ya karɓi rancen dala 20,000 daga surukinsa, ya haɗa da dala 5,000 da suka tara, ya sayi kanti. Walmart ɗin sai 1962. Ni ban ga hannun kaki a arzikinsa ba, na dai ga hannun suruki da kuma naci.

Na Ross Perot ya fi ban sha'awa. Ya gama makarantar hafsoshin ruwa a 1953, ya bar aiki a 1957, ya zama mai tallan na'urori a IBM. A 1962 ya kafa EDS, kamfanin sarrafa bayanai da kwamfuta, da dala 1,000. Kowane mai ba da labarinsa yana son wannan dala 1,000, don tana da daɗin faɗi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, a 1965 gwamnatin Amurka ta fito da shirin inshorar lafiya na tsofaffi, takardun biyan kuɗi suka yi yawa, EDS ta samu aikin sarrafa su da kwamfuta. Nan kamfanin ya yi fiffike, har General Motors ta saye shi a 1984 a kan kimanin dala biliyan 2.5. Perot ya riƙa ɗaukar tsofaffin sojoji aiki da yawa, wannan ya goyi bayan Baba Saja. Amma ruwan da ya shayar da shukar daga baitulmali ya gangaro.

Malamar Tarihi:
Sannunku da muhawara. Ɗan Kyaftin, Allah ya jiƙan Baba. Ina so in kawo misalin Nijeriya, don a nan ne giɓin da kake magana ya fi fitowa fili, kuma ana iya cike wani sashe nasa da abin da ke rubuce.

Abu na farko da mutane ke mantawa shi ne shekaru. Ranar 1 ga Oktoba 1979, da sojoji suka miƙa mulki ga Shehu Shagari, Obasanjo yana da shekara 42, T. Y. Danjuma yana wajen 40, Shehu Musa 'Yar'aduwa kuwa 36. Mutum ya riƙe ƙasa, ya san kowane babban sakatare da kowane jakada, kuma ga ƙarfinsa a jika. Ina zai je? Ba zai zauna yana jiran fansho ba.

Abu na biyu shi ne dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. Sun tilasta wa kamfanonin waje su sayar da wani kaso na hannun jarinsu ga 'yan Nijeriya. Baturen da yake neman ɗan ƙasa ya zauna a kujerar shugaban hukumar daraktoci, wa zai fi so? Wanda idan ya ɗaga waya za a amsa a ma'aikata.

Ɗauki 'Yar'aduwa. A 1975 aka naɗa shi kwamishinan sufuri na tarayya, daidai lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas, suna jira wata da watanni ana biyan su tarar jinkiri. Shi aka ɗora wa warware wannan ƙulli. Bayan kisan Murtala a 1976 ya zama na biyu a gwamnati. Da ya yi ritaya sai ga shi a harkar jiragen ruwa, ya haɗa gwiwa da Abiola a Africa Ocean Lines, ga bankin Habib, ga gona, ga gidan jarida a Kaduna. Yanzu ku gaya mini, sanin tashar jiragen ruwa da ya yi, ilimi ne ko ƙofa? Ni a ganina duka biyun ne, kuma ba a iya raba su da wuƙa.

Danjuma ma da ruwa ya fara. A 1979 ya kafa Nigeria America Line, ya yi hayar jirgi mai zirga-zirga tsakanin Legas da Santos ta Barazil, kuma cikin masu ba shi dako har da kamfanin gwamnati mai shigo da kayayyaki. A 1984 ya ƙara da kamfanin Comet. Amma abin da ya kai shi sahun attajiran duniya shi ne kamfanin mai na South Atlantic Petroleum, wanda ya kafa a 1995. A 1998, zamanin Abacha, aka ba kamfanin yankin haƙar mai na cikin teku mai lamba OPL 246. Ya shigo da kamfanonin mai na Total da Petrobras, a 2000 aka gano rijiyar mai ta Akpo, a 2006 ya sayar wa kamfanin CNOOC na ƙasar Sin kashi 45 cikin ɗari na yankin, a cinikin da aka sanar a kan sama da dala biliyan 2.

Autan Zaure:
To Malama ai kin gama magana. Mene ne kuma abin muhawara? Duk ɗiban dukiyar talakawa ce, sun raba tsakaninsu, yanzu ana rubuta musu littafi ana ce musu gwaraza.

Mai Kula da Zaure:
Auta, a yi hattara. Waɗannan mutane ne masu suna, wasu suna raye, wasu sun bar iyali. Wanda yake da hukuncin kotu ya kawo, wanda ba shi da shi ya tsaya a kan abin da aka sani. Ka gyara kalamanka mu ci gaba.

Autan Zaure:
Na ji, Yaya, a yi haƙuri. Amma zuciyata tana tafasa ne. Tambayata mai sauƙi ce: da wani kofur ya nemi wannan yanki na mai, za a ba shi?

Malamar Tarihi:
Ba za a ba shi ba, ƙanina, kuma yanzu ka yi tambayar da ta dace. Dokar man fetur ta 1969 ta ba ministan mai ikon ba da lasisi ga wanda ya ga dama, ba dole sai an yi gwanjo a fili ba. Don haka wanda aka ba bai karya doka ba. Dokar ce aka ɗinka ta yadda sai na kusa da fada yake samu a wancan lokaci. In kana da fushi, can ya kamata ka kai shi.

'Yar Kasuwa:
Ni fa ina da ja. Shekarata 18 ina saye da sayarwa, kuma na ga masu ƙofa da yawa da suka shiga suka fito hannu rabbana. Ba Danjuma kaɗai aka ba yankin mai a waɗancan shekaru ba. Da yawa an ba su, wasu suka sayar da takardar nan take, wasu suka riƙe har wa'adi ya cika ba su haƙa ko taki ɗaya ba. Haƙa a cikin teku mai zurfin fiye da kilomita guda caca ce, ana iya narka miliyoyin daloli a tarar da rami busasshe. Danjuma ya nemo abokan da suka iya, ya riƙe kasonsa, ya jira shekara takwas kafin ya sayar. Wannan haƙurin ba a ba da shi tare da lasisi.

Kuma ku dubi waɗanda abin bai ɗore musu ba. Africa Ocean Lines da Malama ta ambata, ina take yau? Albarka Air ta Birgediya Buba Marwa, mai harkar jiragen sama, ta yi tashe a farkon shekarun 2000, daga baya ta daina tashi. Ashe kasuwa ba ta sara wa kowa. A bariki ka ba da umarni a ce an gama, a kasuwa kuwa mai saye ya juya maka baya ya tafi, ba ka da gadirun da za ka kulle shi.

Tsohon Saja:
Hajiya, wallahi kin taɓo inda yake mini ciwo. Ranar da na karɓi giratuti, ni da abokaina uku muka haɗa muka ba wani mutum da ya ce zai shigo mana da kayan gyaran mota. Ko takarda ba mu rubuta ba. A bariki idan mutum ya ce zai yi, to zai yi, don gobe tare za ku shiga rami ɗaya. Muka ɗauka haka waje yake. Har yau ban sake ganinsa ba. Ɗaya daga cikinmu baƙin cikin ne ya kwantar da shi. Don haka abin da na faɗa da farko ina nan a kansa, amma in ƙara da cewa tarbiyyar da take taimakon janar ita take kayar da saja. Janar yana da lauya da akanta, mu kuwa amana kawai muka fita da ita.

Ɗan Kyaftin:
Allah ya mayar maka da alheri, Baba. Irin wannan ta faru da mahaifina, amma bai taɓa ba mu labarin dalla-dalla ba. Mahaifiyarmu ce ta ɗan tsegunta mana bayan rasuwarsa.

Malamar Tarihi:
Amin. Hajiya 'Yar Kasuwa, na yarda ƙofa kaɗai ba ta isa. Abin da nake cewa shi ne, ba a shiga gasar ma sai da ita. Bari in ba ku wani abu da yake tsaya mini a rai duk lokacin da na koyar da tarihin juyin mulkin Yulin 1966. Daren 28 wayewar 29 ga Yuli, a gidan gwamnati na Ibadan, matashin hafsan da ya jagoranci kama Janar Ironsi shi ne Danjuma. A cikin gidan kuma akwai wani matashin laftanar, dogarin Ironsi, sunansa Sani Bello. Sani Bello ya tsira da ransa, ya zama gwamnan soja na Kano daga 1975 zuwa 1978, ya yi ritaya yana kanar, ya yi jakadanci a Zimbabuwe. Daga baya sai ga shi a harkar mai, ga shi cikin manyan MTN a Nijeriya, ga shi shugaban Mainstream, kamfanin da ya karɓi tashoshin lantarki na Kainji da Jebba a 2013. Mutum biyu a gida ɗaya a dare ɗaya, kowa a nasa ɓangaren, kuma dukansu suka ƙare cikin manyan attajirai. Ku ƙara da cewa a sakandaren Bida Sani Bello ajinsu ɗaya da Babangida da Abdulsalami da Mamman Vatsa da Gado Nasko. Rukunin hafsoshin wancan zamani ƙarami ne ƙwarai, kowa ya san kowa tun suna yara. Wannan sanayya ita ce babban abin da suka fita da shi daga bariki.

Mai Lissafi:
Kuma kada a ɗauka halin ƙasa ɗaya ne. A Amurka janar yana ritaya kamfanonin ƙera makamai suke ɗauke shi, su zaunar da shi a hukumar daraktoci, don ya san waɗanda ke sa hannu a kwangila. Eisenhower, wanda shi kansa janar ne, a jawabinsa na bankwana a Janairun 1961 ya gargaɗi Amurkawa a kan wannan ƙawance na soja da masana'antu. A wasu ƙasashen ma rundunar ce da kanta take kasuwanci: Fauji Foundation a Pakistan tun 1954, OYAK a Turkiyya tun 1961, a Masar kuwa soja na yin siminti da hanyoyi. Can hafsa ba ya buƙatar neman ƙofa, kujera na jiran sa.

Malamar Tarihi:
Abin ma ya girmi duk waɗannan. George Goldie laftanar ne a sashen injiniyoyin sojan Ingila, bai daɗe ba ya ajiye aikin. A 1879 ya haɗe kamfanonin Turawan Ingila da ke ciniki a kogin Kwara suka zama ɗaya, a 1886 ya samo musu takardar izinin sarauta, suka zama Royal Niger Company. Kamfani ne mai rundunarsa, mai karɓar haraji, har ya kai yaƙi Bida da Ilori a 1897. Da gwamnatin Ingila ta karɓe yankin a farkon 1900, fam 865,000 ta biya kamfanin. Ɗan Kyaftin, ga abin da zai ba ka sha'awa: Goldie ya lalata takardunsa kafin ya mutu, kuma bai yarda a rubuta tarihinsa ba. Shafukan tsakiyar da kake nema, shi da hannunsa ya kawar da nasa.

Almajirin Malam:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina so in tuna mana cewa haɗa takobi da fatauci ba aibi ba ne a kan kansa. Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara masa yarda, ya isa Madina ba shi da komai. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa Abdurrahman ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ya halarci Badar da Uhudu, ya jagoranci runduna zuwa Daumatul Jandal, kuma ya rasu yana cikin mafiya arzikin sahabbai.

Amma wanda ya fi dacewa da tambayar ɗan'uwanmu shi ne Zubairu ɗan Awwamu. A cikin Bukhari ɗansa Abdullahi ya zayyana lissafin dukiyarsa bayan rasuwarsa: bashin da ke kansa miliyan 2 da dubu 200, filin wani wuri mai suna Gaba da ya saya a kan dubu 170 aka sayar a kan miliyan 1 da dubu 600, gidajensa na Madina da Basra da Kufa da Masar. Har ya bayyana cewa mahaifinsa bai taɓa riƙe gwamna ko karɓar haraji ba, yaƙi kawai ya fita. Ya ma faɗi dalilin bashin: idan aka kawo masa ajiya sai ya ce a mayar da ita rance, don in ta salwanta ya zama shi zai biya. Ku duba, ɗan da kansa ya buɗe shafukan tsakiya, don ya san za a tambaya. Sayyidina Umar ma yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka lokacin naɗa shi, in ya ga ƙari mai yawa ya bincika.

'Yar Kasuwa:
Malam, Allah ya saka da alheri. To ni abin da zan ƙara, a yi wa mutanen nan adalci ta ɗaya gefen. Danjuma ya kafa gidauniya a 2009 da dala miliyan 100 don lafiya da ilimi, ana aiki da ita har yau. Murtala Nyako, wanda ya shugabanci sojan ruwa, gona ya koma a Mayo Belwa, har sunan Baba Mai Mangwaro ya bi shi. 'Yar'aduwa kuwa da ya so da ya zauna ya ci dukiyarsa lafiya. Ya shiga siyasa, ya matsa a sa wa mulkin Abacha wa'adi, aka kama shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997 yana da shekara 54. Mai neman kuɗi kawai ba ya bin wannan hanya.

Autan Zaure:
Anti, ban musa ba. Amma kyautar da aka yi a ƙarshe ba ta amsa tambayar farko. Idan na tambayi inda aka samo, aka nuna mini inda aka kashe, ba a ba ni amsa ba.

Malamar Tarihi:
Auta, wannan karon ina bayanka ɗari bisa ɗari. Kuma laifin marubuta ne fiye da na masu tarihin. Yawancin irin waɗannan littattafai mai tarihin ne ko iyalinsa suke ɗaukar nauyinsu, a ƙaddamar da su ranar cikarsa shekara 70 ko 80. Marubucin da aka biya ba zai tambayi wa ya sa hannu a kwangilar farko ba. Ni kuwa ina ganin faɗin gaskiyar ba zai rage musu komai ba. Mutum ya ce abokin karatuna ne ya kira ni, banki kaza ya ba ni rance saboda sunana, na yi asara sau biyu, ga yadda na tashi. Matashin hafsa zai amfana da wannan fiye da labarin tsallaka kogi. Rashin faɗar ne yake sa irin su Auta su ɗauka duka ɓarna ce, irin su Ɗan Kyaftin kuma su ɗauka iyayensu ne suka gaza.

Ɗan Kyaftin:
Malama, jimlarki ta ƙarshe ta sa na ajiye waya na ɗan jima. Gaskiya ne, shekara shida ina ɗauke da wannan tunani, cewa akwai wata dabara da Baba ya kasa ganewa. Jiya da dare na buɗe akwatin nan nasa. A ƙarƙashin lambobin akwai wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ban taɓa kula da shi ba. Ya rubuta giratutinsa a shafin farko, sannan duk abin da ya fita: rufin gida, kuɗin makarantarmu mu biyar, abin da ya ba wancan mutumin da ya gudu, da sunayen matan abokan aikinsa uku da suka rasu a fagen daga, da abin da yake aika musu duk wata har shekarar da ya kwanta ciwo. Ba mu taɓa sanin wannan na ƙarshen ba, ko mahaifiyarmu ba ta sani ba.

Ina so in rubuta tarihinsa, ko shafi 40 ne, saboda jikokinsa. Zan sa lissafin nan yadda ya bar shi. Malama, in na gama zan roƙi ki duba mini. Baba Saja, akwai gajerun kalmomi na soja a cikin takardunsa da ban gane ba, ko zan iya turo maka hotonsu?

Malamar Tarihi:
Turo, ƙanina, da hannu biyu. Ka fara da rubuta shekarun da aka yi masa ƙarin girma da wuraren da aka tura shi, a jere, sauran zai hau kansu. Sunayen matan nan kuma kada ka sa sai ka nemi izinin iyalansu.

Tsohon Saja:
Turo su ta akwatin sirri, ɗana. Idona ya yi rauni, amma jikata za ta karanta mini in fassara maka. Ka duba ko akwai takardar sallamarsa, a nan ake rubuta bataliyar da ya fara da wadda ya ƙare. In ka same ta ka fara turo mini ita, wataƙila ma mun taɓa zama bariki ɗaya da oga.